Gaiwa da Asalin Dabbobi Masu Ƙafa Huɗu

Manoman fadama a Kafur sun san gaiwa, kifin da yake numfashi da huhu, yake kwanciya cikin laka har damina ta dawo. Binciken masana ya nuna daga danginsa na dā dabbobi masu ƙafa huɗu suka samo asali, kuma shaidar tana cikin duwatsu. A 2004 aka tono Tiktaalik a arewacin Kanada, kifi mai shekara miliyan 375, mai wuya da ƙasusuwa irin na hannu. Kusa da Arlit ta Nijar kuma aka samu Nigerpeton, mai kama da kada.

To, me ya hana samun irinsu a Kafur? Yawancin duwatsunmu narkewa suka yi suka daskare ko zafi da matsi suka sauya su, ƙashi kuwa galibi duwatsu irin su dutsen laka ko na yashi ke adana shi.