Iyayen Yara Masu Otizim da Rashin Natsuwa: Yadda Za Su Ɗauki Nauyin

Gabatarwa

Akwai gidajen da yaro ya kai shekara uku bai fara magana ba, ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ƙaramin sauyi kuma yakan sa shi kuka mai tsanani. Akwai kuma yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, yana fara aiki ya bari, kullum ana kawo ƙararsa daga makaranta. Likitoci suna kiran larura ta farko otizim, ta biyu kuwa ADHD, wato rashin natsuwa da yawan ƙiriniya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da otizim. ADHD kuwa tana shafar kimanin yara 5 cikin 100. Wannan darasi ya dubi iyayen waɗannan yara, domin su ne suke ɗauke da nauyin dare da rana.

Daga ina damuwar take fitowa?

Na farko, zargi. Tun bayan da Dokta Leo Kanner ya bayyana otizim a Amurka a 1943, an daɗe ana ɗora wa iyaye mata laifi, wai ba su nuna wa jariransu ƙauna ba. Bincike ya rushe wannan ra'ayi. Haka ma rahoton 1998 da ya danganta otizim da allurar rigakafi: an gano ƙarya a cikinsa, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010. Larurorin biyu sun shafi yadda ƙwaƙwalwa take girma, gado kuma yana da babban hannu a ciki. Ba maita ba ce, ba la'ana ba ce, ba kuma sakacin tarbiyya ba.

Na biyu, gajiya. Da yawa daga cikin yaran ba sa barci sosai, wasu sukan fice daga gida ba tare da sanin haɗari ba, saboda haka idon uwa ba ya hutawa. Wani bincike na Jami'ar Wiskonsin da aka buga a 2010 ya nuna cewa sinadarin damuwa a jikin irin waɗannan iyaye mata ya yi kama da na mutanen da suka daɗe cikin tashin hankali, kamar sojoji a fagen fama.

Na uku, kaɗaici. Uwar da aka harare ta sau biyu ko uku saboda ɗanta ya yi ihu a cikin sujada ko wurin biki, sannu a hankali takan daina fita.

Abin da yake rage nauyin

1. Sanin sunan larurar. Asibitocin koyarwa da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, irin na Kaduna, Maiduguri da Yaba a Legas, suna duba irin waɗannan yara. Otizim ba shi da maganin da yake warkar da shi, amma koyar da magana da horo da wuri suna kawo ci gaba. ADHD tana da magunguna, sai dai likita ne kaɗai zai rubuta su. Wannan sani yana hana iyaye zubar da kuɗi wurin masu alkawarin warkarwa nan take.

2. Tsari na kullum. Lokacin ci, wanka da barci ya zama ɗaya kowace rana. A ba yaro umarni ɗaya gajere a lokaci guda, a yabe shi da zarar ya yi daidai. Duka ba ya gyara larura, tsoro kawai yake ƙarawa.

3. Raba aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata uba ya karɓi wasu dare ko wasu awoyi, kada kuma a mayar da babbar 'ya uwa ta biyu har karatunta ya lalace.

4. Kula da kai. Uwa ko uban da baƙin ciki, rashin barci ko rashin cin abinci ya wuce masa mako biyu, ya ga likita. Wannan ba kasawa ba ce.

5. Sanin haƙƙi. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Nijeriya a Janairun 2019, ta ba su 'yancin ilimi ba tare da wariya ba.

Aikin maƙwabta da ikkilisiya

Taimakon da ya fi amfani shi ne wanda ake gani da ido: mace ɗaya daga Zumuntar Mata ta riƙe yaron awa biyu domin uwarsa ta yi barci, malamin Makarantar Lahadi ya ba shi wurin zama kusa da ƙofa, inda zai iya fita idan ƙara ta yi masa yawa. Iyalin da aka yi wa haka ba za su ɓoye ɗansu a ɗaki ba.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne kalmomi ne ake faɗa wa irin waɗannan iyaye da suke ƙara musu ciwo?
2. Wane taimako ɗaya ne ƙungiya za ta iya yi wa irin wannan iyali a cikin wannan wata?