Yadda Ake Kashe Tsatsar Gindin Ƙofar Mota

Direbobin da ke lodi daga Lafani zuwa kasuwar Illela ranar Lahadi, ko masu tsallakawa Ƙonni, sukan ce ƙasar Sakkwato busasshiya ce, mota ba ta tsatsa. Ga rufi da bonet, maganarsu na da ƙamshin gaskiya. Amma a buɗe ƙofa a duƙa a dubi gindinta, inda aka naɗe bakin ƙarfen waje a kan na ciki aka matse. A nan ciwon yake.

Ruwan sama da na wanki yana bin gilashi ya gangara cikin ƙofa. Masu ƙera mota sun san da haka, shi ya sa suka bar 'yan hudoji a gindi domin ya tsiyaye. Sai ƙurar hunturu ta toshe su. Damina na sauka a watan Yuni, ƙurar nan ta zama taɓo, ta kwanta cikin naɗin har Satumba ba ta bushe ba. Motocin tokumbo kuwa, waɗanda suka sauka Kwatano daga Turai da Kanada, da yawa da cutar suke zuwa, domin a can gishiri ake watsa wa titi ya narkar da ƙanƙara.

Fanal bita mai tsoron Allah yakan fara da cire robar ƙofa da marfin ciki. Ya zura waya ya buɗe hudojin, ya wanke taɓon, ya bar ƙofar a rana ta bushe ƙayau. Ranar Illela ba ta rowa, wuni ɗaya ya isa.

Daga nan sai kankara. Burushin waya ne farko, sannan samfefa mai kaushi, lamba 80, har ƙarfe ya fito fari yana ƙyalli. Ana wuce inda fenti ya kumbura da kamar faɗin yatsu biyu, saboda tsatsa tana rarrafe ƙarƙashin fentin da ido ke gani lafiya lau. Sai a danna sukundireba. In ƙarfen ya lotsa ko ya huje, babu sauran magani sai yanka, a kawo sabon gutsure a yi walda ɗigo-ɗigo, ana hutawa tsakani kada zafi ya lanƙwasa ƙofar.

Nan ne masu ha'inci ke yanke hanya. Su cusa bodi fila a ramin, su fesa fenti, mota ta fito tana sheƙi. Damina ɗaya ce za ta tona asiri. Mai sayen mota ya riƙa yawo da ɗan maganaɗisu a aljihu: inda ya ƙi kamawa, fila ce.

Tsatsar da ta maƙale cikin naɗi, inda samfefa ba ta kai, ana shafa mata ruwan kashe tsatsa mai asid na fosforik, wanda ke mayar da ja ya koma baƙi. Aikin na son safar hannu da tabarau. Idan ya bushe sai firaima hawa biyu, sannan a bi layin naɗin da gam na toshe haɗi, a daidaita da yatsa, a kiyaye kada ya rufe hudojin. Fenti ya biyo baya, da sassafe, kafin iska ta taso da ƙura.

Cikin ƙofar kuma, wanda kowa ke mantawa da shi, ana fesa masa kakin hana tsatsa har ya ɗigo ta hudojin. Wasu baƙin mai suke ɗurawa don araha, amma yana kama ƙura, yana kuma cin roba.

Sauran aikin na mai mota ne: tsinken tsintsiya a kowace huda idan hunturu ya wuce, da kuma bayan ruwan farko, sannan a bar ƙofofi buɗe ɗan lokaci duk ranar da aka yi wanki.