Darasi: Kuɗin Siyasa, Kwangila da Haƙƙinmu na Sani

A darasinmu na wannan wata za mu duba igiyar da ta ɗaure abubuwa biyu da muka saba kallo daban-daban: kuɗin da ake kashewa wajen neman mulki, da kwangilolin da ake rabawa bayan an hau kujera.

Inda igiyar ta soma

A shekarar 2022, jam'iyyar APC ta sayar da takardar neman takarar shugaban ƙasa a kan naira miliyan 100, PDP kuwa miliyan 40. Wannan kuɗin shiga ƙofa ne kawai, ba a zo kan na yawon kamfe ba. Ɗan takarar da bai da irin wannan dukiya dole ya nemi ubangida, ubangida kuma ba sadaka yake yi ba. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Askin nan shi ne kwangila: a ninka farashinta, a biya kuɗi tun ba a aza tubali ba, rijiyar burtsatse ta tsaya a kan takarda.

Ba zato muke yi ba. Tsakanin 1995 da 2004, gungun kamfanoni huɗu na waje sun ba da cin hanci na kusan dala miliyan 180 domin samun kwangilar gina masana'antar iskar gas a tsibirin Bonny. Takardun shari'a sun nuna an miƙa wani kaso domin amfanin wata jam'iyyar siyasa. A 2009 kamfanin KBR ya amsa laifinsa a gaban kotun Amurka. Abin lura shi ne, a kotunan waje asirin ya tonu, mu masu dukiyar sai labari muka ji.

Abin da doka ta ba mu

Na ɗaya, sashe na 225 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta wa kowace jam'iyya ta bayyana wa hukumar zaɓe dukiyarta da inda ta samo kuɗinta. Na biyu, dokar ba da kwangila ta 2007 ta ce a tallata aikin gwamnatin tarayya a fili, a buɗe takardun masu nema a gaban jama'a. Na uku, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗayanmu ikon rubuta wa ma'aikata ya nemi takardun aiki ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma sai an amsa cikin kwana 7. A 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta shafi jihohi ma. Ke nan ba doka muka rasa ba, masu tambaya muka rasa.

Abin da ya rage gare mu

Manzo Bulus, da zai kai gudummawa Urushalima, bai riƙe kuɗin shi kaɗai ba. Ya tafi tare da wakilan da ikilisiyoyi suka zaɓa, domin kada a sami abin zargi (2 Korintiyawa 8). Idan manzo ya yarda a sa masa ido, babu kansila ko gwamnan da ya fi ƙarfin tambaya. Sai dai mu tuna, wanda ya karɓi shinkafa da atamfa ranar zaɓe ya riga ya sayar da bakinsa.

Tambayoyi domin tattaunawa a zumunta

1. Wane aikin gwamnati aka soma a unguwarmu aka watsar? Wa aka ba, kuma a kan nawa?
2. Su wa za mu wakilta su rubuta takardar neman bayani a wannan wata?
3. Mu kanmu, yaushe rabon da mu karanta wa jama'a lissafin baikonmu?