Kuskuren Kwafe Jerin Haruffa a Harshen C: Misali da Sunayen Garuruwan Ƙasar Gumel

Duk wanda ya saba da rubutattun waƙoƙin ajami ya san cewa mai kwafe yakan rufe aikinsa da kalmar "tammat", domin mai karatu ya san inda zance ya tsaya. Harshen kwamfuta na C, wanda Dennis Ritchie ya ƙago a Amurka a wajejen 1972, shi ma yana da tasa tammat ɗin. Kowane jerin haruffa yakan ƙare da wata alama da ba a gani, wato sifiri, kuma ita ma gurbi guda take ci a ma'ajiyar kwamfuta. Mantawa da wannan gurbi shi ne tuntuɓen da mafi yawan masu koyo suke fara yi.

A ɗauka cewa ɗalibi yana tattara sunayen garuruwan masarautar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Sai ya ƙirga haruffan "Gumel", ya sami biyar, ya rubuta:

char gari[5];
strcpy(gari, "Gumel");

Ga alama babu laifi. Amma umarnin strcpy ba ya auna wurin da aka tanada. Kwafewa kawai yake yi har ya kai ga sifiri, ya haɗa da ita. Wato ke nan gurbi shida ya rubuta a wurin biyar, na shidan ya faɗa gonar maƙwabci. Abin da ya sa kuskuren yake da wuyar kamawa shi ne, sau da yawa shirin yakan yi aiki lafiya lau, ɗalibi ya ɗauka ya gama. Sai ran da aka saka "Maigatari", mai bukatar gurbi 10, ko "Sule Tankarkar", mai bukatar 15 idan an ƙirga tazarar da ke tsakanin kalmomin biyu, sannan wata lamba da ba a taɓa ba ta canja, ko shirin ya mutu a wani layi mai nisa. Nan ɗalibi zai yi ta bincike inda ɓarnar ta bayyana, alhali a baya aka yi ta.

Wasu sukan gudu zuwa ga strncpy, suna zaton sun tsira. Ba su tsira ba, domin idan sunan ya cika adadin da aka ba shi, ba ya sa sifirin ko kaɗan. In an zo bugawa, sai kwamfuta ta wuce ƙarshen sunan tana karanta tarkace, kamar almajirin da ya zarce cikin wata waƙa saboda ba a rubuta masa tammat ba.

Akwai kuma matsalar da ta shafi Hausa kai tsaye. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, kowanne gurbi biyu yake ci. Garin Ɗanzomo na ƙasar Sule Tankarkar haruffa bakwai ne a ido, amma gurbi 8 ne, da sifiri 9. Ƙirga da ido, saboda haka, ba abin dogara ba ne ga mai aiki da boko.

Hanyar gano kuskuren ba ta da tsawo. Kafin layin kwafewa, a sa shirin ya buga tsawon sunan da strlen, da girman wurin da sizeof, a gwama; in na biyu bai ɗara na farko da aƙalla ɗaya ba, an kama ɓarawo. A lura dai, sizeof yana faɗin gaskiya ne a inda aka tanadi wurin kawai. Wanda yake amfani da gcc yana iya ƙara -fsanitize=address, shirin ya tsaya a daidai layin da aka ƙetare iyaka. Gyaran kuwa shi ne a tanadi gurbi gwargwadon strlen a ƙara ɗaya, ko a kwafe da snprintf, wanda yake rufe jerin da sifiri ko da ya datse shi. Sai dai datsewar tana iya faɗawa tsakiyar ƙ ko ɗ, ta bar rabin harafi, don haka ya kamata a duba lambar da snprintf ya mayar kafin a amince da sunan.