Tafiya Cikin Natsuwa da Ambaton Allah

Babu ranar da za ta fito ta faɗi mai lafiya bai taka ƙasa ba. Manomi yana sammakon gona. Mai talla tana zaga unguwa. Magidanci yana zuwa masallaci, ya je kasuwa, ya je dubiya, ya raka gawa. Uwargida ko ba ta fita ba, tana kai da kawowa tsakanin ɗaki da madafa da bakin rijiya tun asuba har dare.

Sai dai sau da yawa ƙafa ce kaɗai ke tafiya, zuciya tana can wani wuri. Mutum yana kan hanya, hankalinsa yana kan bashin da ake binsa, ko kuɗin makarantar yara, ko baƙar maganar da aka faɗa masa jiya. Sai ya iso inda za shi bai san ta inda ya biyo ba, jiki a gajiye, rai a jagule.

Wannan darasi zai koya mana yadda ake haɗa ƙafa da zuciya su tafi tare. Abin ba ya cin ko sisi, ba ya kuma bukatar a ware masa wani lokaci. Tafiyar da ka saba yi kullum ita za ka gyara, ta zama ibada, ta zama hutun rai.

Abin da addini ya koyar

Alƙur'ani mai girma ya yi magana a kan yadda ake tafiya. A Suratu Luƙman, aya ta 18 da ta 19, akwai wasiyyar da Luƙman ya yi wa ɗansa. A cikinta ya hana shi taƙama, ya hore shi da tsakaita tafiyarsa. A Suratul Furƙan, aya ta 63, da aka zo lissafa halayen bayin Allah na ƙwarai, da tawali'unsu a wajen tafiya aka fara. A Suratu Ali Imrana kuwa, aya ta 191, an yabi masu ambaton Allah a kowane hali, masu tunani a kan halittunsa.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a zo salla a guje, ko da an riga an tayar da iƙama. A taho cikin natsuwa, a bi liman a abin da aka riska, a cika abin da ya wuce. Hikimar a fili take. Wanda ya shigo sahu yana haki, raka'ar farko za ta ƙare bai san abin da liman ya karanta ba.

Akwai wasu mutanen Madina da ake kira Banu Salima. Gidajensu suna da nisa da masallaci, suka yi niyyar tasowa su dawo kusa. Annabi ya ce su zauna inda suke, domin ana rubuta musu ladan kowane taku. Shi kansa yakan je masallacin Ƙuba ranar Asabar, wani lokaci a kan abin hawa, wani lokaci a ƙasa. Tsakanin Ƙuba da masallacinsa akwai kimanin kilomita 3.

Dubi kuma aikin Hajji. Ɗawafi zagaye 7 ne a ƙafa. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau 7 ne, jimlarsa kusan kilomita 3. Duk ana yin su ne baki yana zikiri, zuciya tana addu'a. Ashe ibada ba ta tsaya a kan buzu kaɗai ba.

Yadda wasu al'ummomi suke yi

A Buhara, cikin ƙasar Uzbekistan ta yau, an yi wani babban shehi mai suna Baha'uddin Naƙshabandi. An haife shi a 1318, ya rasu a 1389. Ɗariƙarsa tana da ƙa'idoji 11 na tarbiyya. Uku daga ciki sun shafi darasinmu: almajiri ya san da kowane numfashi da ya shaƙa, ya sa idonsa a kan takunsa, ya kuma kasance zuciyarsa tana tare da Allah ko yana tsakiyar taro.

Mabiya addinin Buda, wanda ya faro a arewacin Indiya fiye da shekaru 2,400 da suka wuce, sun daɗe suna horar da hankali ta hanyar tafiya. A dazuzzukan Tailan masu ibada daga cikinsu sukan share ɗan fili mai tsawon taku 20 zuwa 30, su yi ta zuwa da dawowa a kansa, hankalinsu yana kan ƙafa. A Japan wasunsu sukan yi rabin taku kacal a kowane numfashi. Wani malaminsu ɗan Biyetnam, Thich Nhat Hanh, wanda ya rayu daga 1926 zuwa 2022, ya kafa cibiya a Faransa a 1982, ya yaɗa wannan horo a Turai da Amurka. Kiristoci ma suna da tasu. Akwai tsohuwar hanyar ziyara zuwa garin Santiyago a Sifen, mai tsawon kusan kilomita 800 daga iyakar Faransa, wadda masu ibada ke bi a ƙasa suna addu'a.

Kowa da aƙidarsa, kowa da abin da yake nufi da tafiyarsa. Amma duk sun gano abu guda: idan aka daidaita taku, hankali yakan kwanta.

Yadda ake yi

Mu ɗauki tafiyar sallar Asuba a lokacin hunturu, daga gida zuwa masallacin unguwa.

1. Tsaya a bakin zaure kafin ka fita. Yi niyya, ka karanta addu'ar fita daga gida. Ja numfashi sau uku a hankali. Waya ta zauna a aljihu.

2. Tsakaita taku. Ban da sauri kamar an koro ka, ban da jan ƙafa kamar mara lafiya. Saki kafaɗunka, ka miƙe bayanka.

3. Sauke ido ya faɗi a kan hanya, kamar taku huɗu a gabanka. Ka bar waige-waige da leƙen gidajen mutane.

4. Ji ƙafarka. Diddige ne ke fara sauka, tafin ƙafa ya biyo, sannan yatsu su tura ka gaba. Ji sanyin yashi yana ratsa silifas. Ji inda ƙasa ta yi tauri da inda ta yi laushi.

5. Lura da numfashi. Kada ka matsa masa, bar shi yadda yake. Za ka tarar kana yin taku biyu ko uku kana shaƙa, biyu ko uku kana fitarwa.

6. Sa harshe aiki. Yi tasbihi, ko hailala, ko istigfari, ko salatin Annabi, a hankali yadda kai kaɗai za ka ji. Ɗan'uwa Kirista, a tasa tafiyar, ya yi addu'ar da ya saba. Abin da ake so shi ne ka san me bakinka ke faɗa.

7. Buɗe kunne da zuciya ga halittar Allah. Ga carar zakara, ga muryar ladan, ga taurarin da suka rage a sama, ga ƙamshin hayaƙin mai shayi da ya fara hura wuta. Ka tuna wanda ya ba ka kunnen ji da ƙafar takawa. Akwai masu kwance a asibiti da ke fatan taku goma su samu.

8. Da ka iso, ɗan dakata a ƙofa. Yi hamdala, ka shiga da ƙafar dama.

A lura da kyau. Jin ƙafa da lura da numfashi dabaru ne na tattara hankali, kamar yadda ɗalibi ke bin layi da yatsa idan yana karatu. Shari'a ba ta ɗaure wani zikiri da wani adadin taku ba. Kuma ba a zikiri da baki a banɗaki. Wanda wani abu ya shige masa duhu, ya tambayi malaminsa.

Idan hankali ya gudu

Wani ɗalibi yana iya cewa, "Allah ya gafarta Malam, ni ko taku goma ba na yi sai tunanin kuɗin taki ya faɗo mini."

Amsa ita ce, kowa haka yake. Zuciya kamar akuya ce da ake kai wa kiwo. Da ta hangi ɗanyar ciyawa a gefen hanya sai ta zabura. Mai kiwo ba ya fushi ya koma gida, igiya yake ja a hankali ta dawo. Kai ma da zarar ka farga hankalinka ya tafi, ka dawo da shi kan ƙafa da zikiri. Ko sau ɗari ya gudu, sau ɗari za ka dawo da shi. Wannan dawowar ita ce horon. Sannu ba ta hana zuwa.

Natsuwa kuma ba ta nufin ɗaure fuska. Hanya tana da haƙƙi. Idan an yi maka sallama ka amsa. Idan ka haɗu da dattijo ka gaishe shi yadda ya kamata. Idan ka ga ƙaya ko fasasshiyar kwalba ka kawar, sadaka ce. Duk waɗannan suna cikin tafiyar, ba su ɓata ta.

Mata da tsofaffi

'Yar'uwa, ko ba kya fita, tsakar gida ta ishe ki. Zaɓi wuri daga ƙofar ɗaki zuwa gindin bishiya ko bakin randa, ko taku 15 ne. Bayan kin sauke tukunya, ko bayan yara sun tafi makaranta, ki je ki dawo na minti 10. Idan kin kai ƙarshe ki tsaya, ki juya a hankali, ki ja numfashi, ki komo. Mai zuwa ɗebo ruwa ta yi nata a kan hanyar famfo. Mai goyo za ta ga sau da yawa jariri yakan yi barci idan takun uwa ya daidaita.

Tsoho ya riƙe sandarsa, ya yi gwargwadon ƙarfinsa. Wanda ba ya iya tafiya sam, ya zauna ya lura da numfashinsa yana zikiri. Allah ba ya ɗora wa bawa abin da ya fi ƙarfinsa.

Amfani ga lafiyar jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Wato minti 30 a rana, kwana 5. Tafiyar da ke ɗan ɗumama jiki tana cikin wannan lissafi. Tana taimakawa wajen rage hawan jini, tana taimakon masu ciwon suga, tana sa barci mai daɗi, tana kuma rage damuwa. Wanda ke son wannan amfani ya ɗan ƙara hanzari a wasu tafiye-tafiyensa, kamar ta gona ko ta kasuwa, zikirinsa yana nan a bakinsa. Amma tafiya ba ta maye gurbin magani. Wanda likita ya ɗora a kan magani ya ci gaba da sha.

A kiyaye haɗari

Sauke ido ba rufe ido ba ne. A Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi, motoci hannun dama suke bi. Saboda haka inda babu hanyar masu tafiya a ƙasa, ka bi gefen hagu, kana fuskantar abin hawan da ke tahowa. Kafin ka tsallaka titi, ɗaga kai ka duba hagu, ka duba dama, ka sake duba hagu. Kada ka toshe kunne da abin sauraro inda babura da a-daidaita-sahu ke wucewa.

Da bazara a guji tsakar rana, a yi da safe ko da yamma, a sha ruwa. Da damina a riƙe tocila da dare saboda macizai da kunamu. Mai ciwon suga kada ya yi tafiya ba takalmi, domin ƙaramin rauni a ƙafarsa yana daɗewa bai warke ba. Duk wanda ya ji jiri ko ciwon ƙirji yana tafiya, ya tsaya nan take, a kai shi asibiti.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka hana zuwa salla a guje?
2. Me Annabi ya ce wa Banu Salima da suka so tasowa kusa da masallaci?
3. Kawo ƙa'idoji biyu na ɗariƙar Naƙshabandiyya da suka shafi wannan darasi.
4. Me za ka yi idan hankalinka ya gudu kana tafiya?
5. Minti nawa ake so babba ya motsa jiki a mako?
6. Wane gefen titi mai tafiya a ƙasa zai bi, kuma don me?

Aikin mako

Zaɓi tafiya guda ɗaya da kake yi kullum, ko ta masallaci, ko ta gona, ko ta tsakar gida. Ka yi ta yadda muka koya har kwana 7. Kowace rana ka rubuta layi ɗaya a littafinka a kan abin da ka gani ko ka ji a hanya, ka zo da shi aji mu karanta tare.

'Yan'uwa, kada a jira sai an samu hali ko an samu lokaci. Tafiyar nan dole ce, ko an so ko ba a so za a yi ta. Tun da haka ne, a yi ta da niyya da natsuwa da ambaton Allah, a samu lada, a samu lafiya. A fara daga gobe da asuba. Allah ya sa albarka a takunmu, amin.