Darasi na Bakwai: Ra'ayin Mai Karatu a Kan Labarin Ban Tsoro

Sau da yawa idan aka tambayi ɗalibi ra'ayinsa game da wani ƙagaggen labari na aljanu da matsafa, amsarsa ba ta wuce ya ce littafin ya ba shi tsoro, ko kuma bai ba shi ba. Wannan ra'ayi ne, amma bai kai matsayin tarke ba, sai an kawo masa hujja daga cikin matani.

A adabin Ingilishi ana kiran wani reshe na irin wannan zube da suna "gotik". Masana na danganta farkonsa da littafin Horace Walpole, The Castle of Otranto (1764), daga baya aka sami Dracula na Bram Stoker (1897). Ginshiƙinsa shi ne wuri: tsohuwar fada mai duhu, wadda laifin magabata ke bibiyar jikoki a cikinta. A Hausa kuwa, aljanu sun daɗe a zube. Suna cikin Ganɗoki na Bello Kagara (1934), sai dai a can aikinsu fito da jaruntakar tauraro ne, ba razana mai karatu ba. Marubutan Kano na baya-bayan nan, irin su Nazir Adam Salih, sun fi karkata ga razanarwar.

A nan ne muhallin mai karatu ke shigowa. Mu ɗauki matashin Kura ko Bunkure, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga. Bai taɓa ganin fadar Turai ba, don haka da wuya ta girgiza shi. Amma ya san fita ban-ruwan shinkafa ko tumatir da tsakar dare, ya san kukan kwaɗi idan ya ɗauke farat ɗaya, ya kuma taso yana jin labarin mutanen ɓoye a ruwa da gindin tsamiya. Marubucin da ya ajiye dodonsa a bakin magudanar ruwa ya riga ya kama irin wannan mai karatu tun kafin dodon ya bayyana. A ganina, tsoron da ke zaune a wurin da aka sani ya fi na baƙon wuri daɗewa a zuciya.

Saboda haka, idan ɗalibinka ya ce littafi bai da ban tsoro, kada ka yi saurin karɓa ko ƙaryatawa. Tambaye shi shafin da ya sa ran razana, sannan ku duba tare: marubucin ne ya gaza siffanta wurin, ko kuwa wurin ne baƙo ga ɗalibin?

Jinga: Zaɓi labarin aljanu guda da ka karanta, ka bayyana yadda marubucin ya yi amfani da wuri da lokaci wajen gina tsoro, tare da misalai daga littafin.