Yadda Ake Tsare Shasin A-kori-kura Daga Tsatsa

Shasi shi ne ƙashin bayan mota, watau dogayen ƙarafan nan biyu da ke kwance ƙarƙashin bodi. Inji da sifirin da kaya duk a kansu suke zaune. Idan bodi ya yi tsatsa, mota ta yi muni ne kurum. Amma idan shasi ya ruɓe, tana iya karyewa da kaya a tsakiyar hanya.

A ƙasashen sanyi, kamar arewacin Amurka da Kanada, babban abokin gaban shasi shi ne gishiri. Da hunturu ƙanƙara takan daskare a kan titi, sai hukuma ta watsa gishiri don ta narke. Jihar New Hampshire ce ta fara gwada wannan a 1938, yanzu kuwa Amurka takan zuba wajen tan miliyan 20 a shekara. Taya na fantsama ruwan gishirin nan cikin shasi, ya haɗu da laka ya kwanta. Gishiri yana jawo laima, ƙarfe kuwa in ya daɗe da laima sai tsatsa. Ɓarnar ba ƙarama ba ce. A 2016 kamfanin Toyota ya yarda da sulhun da ya kai dala biliyan 3.4, don a duba shasin motoci wajen miliyan ɗaya da rabi, a canja waɗanda suka ruɓe.

Masu mota a can sun san ba a fafe gora ranar tafiya. Tun watan Oktoba, kafin ƙanƙara ta sauko, sukan yi abu huɗu:

1. A wanke ƙarƙashin mota sosai, a tsokace ƙananan hudojin da ruwa ke fita daga cikin shasi, kana a bar ta ta bushe sarai.

2. A kankare tsatsar da ta fara tashi da burushin ƙarfe, sa'an nan a shafa fenti.

3. A fesa mai ciki da waje. Da yawa sun fi son wanda ake samu daga gashin tumaki, domin yana ratsa lungu kuma ba ya bushewa. Kowace shekara sai an sake. Baƙin man inji bai dace ba, gama yana cin roba, yana ɓata ƙasa.

4. Kada a shafa kwalta a kan tsatsa. Rufe ta kawai take yi, laima na ciki tana ta aikinta ba mai gani.

Da hunturu kuma sukan riƙa wanke ƙarƙashin, musamman ran da sanyi ya sassauta, domin a lokacin ne tsatsa ta fi ci.

To, mene ne amfanin wannan ga manomi ko ɗan kasuwa na nan? Da yawa daga tsofaffin motocin da ake saukewa a Ikko da Kwatano daga ƙasashen nan suke fitowa. Saboda haka mai sayen a-kori-kura kada ƙyallin fenti ya ruɗe shi. Ya shiga ƙarƙashi da fitila da ƙaramar guduma, ya ƙwanƙwasa shasi, musamman inda sifirin baya ya kama. Lafiyayyen ƙarfe yakan yi ƙara tas; ruɓaɓɓe kuwa sai ya yi dum, yana zubar da ɓawo. In ya ga sabuwar kwalta ko facin walda, lalle ya kira makanike kafin ya biya kuɗi.

Bayan an saya ma aiki bai ƙare ba. Takin zamani yana cin ƙarfe kamar yadda gishiri ke ci. Wanda ya yi jigilarsa ya shimfiɗa tamfol, in ya sauke ya share, ya wanke. Da damina kuma kada a bar laka ta kwana biyu manne da shasi.